Edmund Kells: Likitan haƙorin da ya rasa hannunsa garin leƙa cikin haƙori

Duk wanda aka taɓa yi wa aikin cire jijiyar haƙori ya san cewa kafin likita ya fara, sai an ɗauki hoton eksire, wato hoton da ke nuna abin da ke cikin ƙashi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo wannan dabara asibitin haƙori shi ne Charles Edmund Kells, kuma ita ce ta zama sanadin nakasarsa.

An haifi Kells a birnin New Orleans na Amurka a 1856. Mahaifinsa likitan haƙori ne, shi ma ya gaje shi. Ya kammala karatu a New York a 1878, sannan ya koma gida suka ci gaba da aiki tare.

Mutum ne mai son ƙirƙire-ƙirƙire. Yana cikin na farko da suka ja wutar lantarki zuwa ɗakin aikin haƙori, kuma ya ƙera na'urar zuƙe jini da yawu a lokacin tiyata. An yi masa rajistar ƙirƙire-ƙirƙire kusan 30.

A ƙarshen 1895 ne masanin Jamus Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire. Ba a cika shekara ba Kells ya haɗa tasa na'urar, kuma a watan Yulin 1896 ya nuna wa likitoci yadda take aiki a wani taro a garin Asheville.

A wancan zamani, lalube ake yi wajen aikin jijiyar haƙori. Likita zai huda haƙori, ya kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar, ya wanke ramin, ya cike shi, alhali bai san tsawon saiwar ba. In ya tsaya bai kai ƙarshe ba, ƙwayoyin cuta su ragu. In ya zarce, ya ji wa ƙashi rauni.

A 1899 Kells ya zura siririyar waya cikin ramin haƙori, ya ɗauki hoto, ya ga inda ta tsaya. Da haka aka samu hanyar auna tsawon saiwa. Yau akwai na'urar lantarki mai gano ƙarshen saiwa, da madubin ƙara girma, da injin mai juya siraran allurai masu lanƙwasa, amma har yanzu likitoci na tabbatar da aikinsu da hoto.

Daga baya wata fahimta ta yaɗu cewa haƙoran da aka cire wa jijiya su ne ke jawo cututtuka iri-iri a jiki. Aka shiga cire wa mutane haƙora barkatai, galibi bisa hoton da ba a iya karanta shi ba. Kells ya fito ya yaƙi wannan ɗabi'a a jawabai da rubuce-rubucensa, yana mai cewa haƙorin da za a iya cetowa bai kamata a cire shi ba.

Sai dai babu wanda ya san haɗarin hasken a farko. Kafin ɗaukar hoto, Kells kan sa hannunsa na hagu gaban na'urar, yana daidaita ta har sai ya ga ƙasusuwan yatsunsa sarai. Shekaru yana haka, har ciwon daji ya kama hannun.

An yi masa tiyata fiye da sau 30. Aka fara da yatsu, aka kai ga tafin hannu, a 1926 kuma aka yanke hannun gaba ɗaya. Duk da haka bai daina aiki ba, ya ƙera kayan da zai iya riƙewa da hannu ɗaya.

Da ciwon ya ci ƙarfinsa, Kells ya kashe kansa a ofishinsa ranar 7 ga watan Mayun 1928, yana da shekara 71.

Abin da ya same shi da ire-irensa na cikin dalilan da suka sa a yau mai ɗaukar hoton ke ja da baya ko ya fake bayan bango kafin ya danna maɓalli.