Taƙaitaccen Tarihin Friedrich Paschen, Masanin Tartsatsin Lantarki

An haifi Friedrich Paschen a garin Schwerin na ƙasar Jamus ranar 22 ga Janairu, 1865. Ya yi karatun kimiyya a jami'o'in Strasbourg da Barlin, ya kuma sami digirinsa na dakta a 1888 a hannun malaminsa August Kundt.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne bincike a kan tartsatsin lantarki. Sanin kowa ne iska ba ta barin lantarki ya ratsa ta. Amma idan aka kafa ƙarafa biyu dab da juna, aka yi ta ƙara musu ƙarfin lantarki, akan kai matsayin da iskar za ta gaza, tartsatsi ya tsallaka. Paschen ya duƙufa ga auna wannan matsayi, yana sauya tazarar ƙarafan da matsin iskar. A 1889 ya bayyana cewa ƙarfin da ake bukata ya rataya ne ga lissafi guda, wato matsin iska idan an ninka shi da tazara. Wannan ita ce ƙa'idar da ake kira da sunansa.

Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai iyaka. A cikin iska, ƙarfi mafi ƙanƙanta da ke tayar da tartsatsi kimanin bolt 330 ne. Idan aka rage iskar ƙwarai, ilektiron ba sa samun isassun ƙwayoyin da za su yi karo da su, sai ƙarfin da ake bukata ya sake hawa. Haka kuma ƙa'idar tana da sharaɗi: lalle ƙarfin ya bazu daidai-wa-daida tsakanin ƙarafan. Tsini ko kaifin gefe yakan tara shi wuri guda, tartsatsi ya tashi tun ba a kai adadin da aka lissafta ba.

A 1901 ya zama farfesa a Tübingen, inda ya shahara wajen nazarin hasken da sinadarai ke fitarwa. A 1924 aka naɗa shi shugaban babbar cibiyar awo ta Jamus a Barlin. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, aka ba Johannes Stark kujerarsa. A 1943 bam ya cinye gidansa, ya koma Potsdam, a nan ya rasu ranar 25 ga Fabrairu, 1947.

Muƙami da gida sun tafi, amma awonsa ya tsaya. Har yau injiniyoyi da ƙa'idarsa suke tsara tazarar wayoyi a jiragen sama, domin can sama iska ba ta da kauri, kuskure kaɗan kuwa gobara ce.