Labarin Baden-Powell, Sojan da Ya Koya wa Yara Ceton Rai

Ya mai karatu, mai yiwuwa ka taɓa ganin yara suna tafiya a jere, kowa da ƙyalle ɗaure a wuyansa, aka ce maka 'yan sikawut ke nan. Wanda ya kafa ƙungiyarsu wani soja ne na ƙasar Ingila, sunansa Robert Baden-Powell. A cikin yaƙe-yaƙensa akwai abin da ba na yabo ba ne, za ka kuwa ji shi a gaba. Amma akwai abu guda da ya gane sarai, ya kuma ba da sauran kwanakinsa gare shi, watau mutum yana iya ƙaunar maƙwabcinsa da dukan zuciyarsa, amma idan hannunsa bai koyi aikin taimako tun da wuri ba, ran da hatsari ya auku sai ya tsaya yana kallo tare da masu kallo.

An haife shi a birnin Landan ran 22 ga Fabrairu, 1857. Ubansa limamin ikilisiya ne, babban malami kuma a jami'ar Oxford, ya rasu a 1860, yaron yana da shekara uku. Uwarsa ce ta goye shi tare da 'yan'uwansa masu yawa, dukiya kuwa ba ta yalwata a gidan ba. A 1870 ya sami shiga makarantar Charterhouse. Bai yi fice a karatu ba. Sa'anda makarantar ta ƙaura daga birni zuwa Godalming a 1872, sai ya sami abin da ransa ke so, gama akwai kurmi a bayanta wanda aka hana yara shiga. Can yakan sulale shi kaɗai, ya ɗana wa zomaye tarko, ya gasa su a 'yar wuta marar hayaƙi don kada malamai su hango, in kuwa ya ji motsinsu sai ya haye itace ya yi lamo har su wuce. Kada ka ɗauki ketare dokar makaranta abin koyi. Ka lura dai da abin da ya samu a wurin: ido mai gani, kunne mai ji, da haƙurin zama shiru. A lokacin hutu kuma yayyensa sukan tafi da shi cikin jirgin ruwa, su sa shi dafuwa da wanke tukwane da ɗaurin igiya.

Ya nemi shiga Oxford bai samu ba, ya ɗauki jarrabawar soja ya ci da kyau, aka aika shi Indiya a 1876 cikin rundunar mahayan dawaki. Aikin da ya gwanance a ciki shi ne na mai leƙen hanya, wanda ake aikawa gaban runduna ya duba ƙasa, ya karanta sawu, ya komo da labari. Daga ƙarshen 1895 zuwa farkon 1896 yana cikin yaƙin da Ingilishi suka kai Kumasi a ƙasar Asante, wadda fataken goro na dā ke kira ƙasar Tonawa. Shi ne ya shugabanci 'yan ƙasa masu sare kurmi suna buɗe wa runduna hanya. A cikin 1896 ɗin aka kai shi yaƙin Matabele, a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, inda ya yi yawon duwatsun Matobo tare da wani Ba'amurke gwanin bin sawu mai suna Frederick Burnham, ya ƙaru da shi ƙwarai.

A nan ne abin nan marar kyau ya faru. An kama wani shugaban Matabele mai suna Uwini da rauni a jikinsa, aka yi masa shari'ar soja, Baden-Powell ya tabbatar da hukuncin, aka harbe shi. An bincike maganar daga baya, kotun soja ta wanke shi. Amma mutanen nan ƙasarsu suke tsarewa, wankewar kotu kuwa ba ta mai da rai. Haka kuma a Mafeking, garin da ya ba shi suna. Turawan Afirka ta Kudu da ake kira Bowa suka kewaye garin kwana 217, daga Oktoba 1899 har 17 ga Mayu 1900, shi kuwa ya riƙe shi da mutane kaɗan da dabaru masu yawa. Ingila duka ta yi murna da shi. Amma sa'anda abinci ya yi ƙaranci, baƙaƙen mutanen garin ne suka fi shan yunwa, da dama suka mutu, masana tarihi kuwa har yau suna gardama a kan yawan alhakin da ke wuyansa.

A cikin wannan kewayewa ya ga wani abu da bai manta ba. Wani hafsansa ya tara yaran garin, ya ba su tufafin aiki, ya sa su kai wasiƙu da saƙonni a kan keke, domin manya su tsaya a bakin dāga. Yaran suka yi aikin da aminci, har a lokacin da harsashin igwa ke faɗuwa. Daga nan ya tabbata yaro yana iya ɗaukar amana idan an ba shi ita da gaske.

Da ya komo Ingila a 1903, sai ya tarar wani ɗan littafin da ya rubuta wa sojoji a kan leƙen hanya ya shiga hannun malaman makaranta da masu kula da yara. William Smith, wanda ya kafa wata ƙungiyar yara maza a Glasgow, ya ƙarfafa shi ya sake rubuta shi domin yara. Kafin ya rubuta, sai ya gwada. A farkon Agusta 1907 ya kai yara wajen ashirin tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, waɗansu 'ya'yan masu dukiya, waɗansu 'ya'yan ma'aikata. Ya raba su rukuni huɗu, kowane da sunan dabba ko tsuntsu, ya sa yaro ɗaya ya shugabanci kowane rukuni. Da asuba yakan tashe su da busar ƙahon wata dabba mai kama da gwanki da ya kawo daga Afirka. Suka yi mako guda suna koyon kafa alfarwa, bin sawu, dafuwa a daji, da ceton wanda hatsari ya sama. A 1908 littafin ya fito da sunan Scouting for Boys, kashi shida, kowane mako biyu kashi ɗaya, kwabo huɗu huɗu. Yara suka saya, suka kafa rukunoni da kansu tun ba wanda ya umarce su.

A cikin littafin ya ba da labarin wata mace da ta nutse a wani tafki marar zurfi a Hampstead, a Landan, mutane da yawa suna tsaye a bakin ruwa, ba wanda ya shiga. Ba lalle ne a ce dukansu mugaye ba ne. Ba su taɓa shirya wa irin wannan sa'a ba, kowa yana jiran wani ya fara. Saboda haka ne bai bar yaro ya tsaya ga alkawari kaɗai ba, ko da yake alkawarin yana da nauyi, gama a cikinsa yaro yana ɗaukar yi wa Allah biyayya da taimakon mutane kowane lokaci. Ya sa matakai uku, kowane da gwaji, ba a hawa sai an yi abin da hannu a gaban mai dubawa.

Ga yadda gwajin yake a shekarun farko. Sabon shiga, wanda sunansa a Turanci ke nufin mai taushin tafin ƙafa, sai ya san dokar ƙungiya da alamun hanya, ya kuma iya ƙulle-ƙullen igiya. Kada ka rena wannan. Akwai ƙullin da ke kwanciya shimfiɗe, shi ake gama ɗaurin bandeji da shi don kada ya danne ciwo. Akwai wanda ke yin zobe marar zamewa, wanda za ka jefa wa mutum a ruwa ko ka zura masa a rijiya, ya sa a ƙarƙashin hammatarsa, ka ja shi ba tare da igiyar ta shaƙe shi ba. Akwai na ɗaure igiya a turke, da na haɗa igiya mai kauri da siririya. Wanda ya yi ƙullin banza a bakin rijiya, ransa na wani ne ya sa a caca.

Mai neman mataki na biyu sai ya hura wuta a fili da ashana biyu kaɗai, ya dafa rubu'in laba na nama da dankali biyu a kanta. Sai ya bi sawu rabin mil cikin minti 25. In kuwa ɗan birni ne, a shimfiɗa masa ƙananan abubuwa 24 a faifai, ya dube su minti ɗaya, a rufe, ya faɗi 16. Sai ya yi mil ɗaya cikin minti 12, yana sauya gudu da tafiya don kada numfashinsa ya ƙare. Ya san kusurwoyi 16 na kamfas, ya iya aika saƙo da tuta, ya san farkon taimakon gaggawa da ɗaurin rauni, ya kuma ajiye sisi a asusu. Mataki na ɗaya, wanda shi ne na sama, ya fi wuya: iyo yadi 50, sule ɗaya a asusu, karanta taswira, sara da gatari, kimanta nisa da tsawo da ido ba tare da kuskuren ya wuce rubu'i ba, da tafiyar mil bakwai zuwa, bakwai komowa, a ƙasa ko a kwalekwale, da rubuta labarin abin da aka gani a hanya. Sai ya nuna yadda ake ceton rai a gobara, da a ruwa, da sa'anda doki ya gudu da keken da yake ja. Abu na ƙarshe kuwa, ya kawo wani yaro sabo wanda shi da kansa ya koyar.

Sai dai ka sani, ya mai karatu, waɗansu magungunan da ke cikin tsohon littafin nan likitoci sun bar su, wanda ya bi su yau zai cuci majiyyaci. A zamaninsa ana cewa a ɗaure gaɓar da maciji ya sara tam, a tsaga wurin, a tsotse dafin. Yanzu an san wannan yana ƙara ɓarna. Abin yi shi ne a kwantar da mutumin, a cire masa zobe da munduwa tun kafin kumburi, a tallafe gaɓar da kara kamar yadda ake yi wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Dā ana shafa wa ƙuna mai ko a barbaɗa gari. Yanzu ruwa mai sanyi ake kwarara mata har minti 20, kana a rufe da abu mai tsabta. Dā ana kifar da wanda ya nutse a danna bayansa. Tun wajen 1960 aka koma ga hura masa numfashi baki da baki da danna tsakiyar ƙirji, yanzu kuwa danni 30 ne, huri biyu, wannan kuwa aiki ne da ake koya a gaban mai koyarwa, karatu kaɗai ba ya isa. Abin da bai sāke ba shi ne na jini: ka danne bakin raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfin hannunka, kada ka yi ta ɗagawa kana leƙe.

Ƙungiyar ta yi girma fiye da yadda ya zata. A 1909 yara wajen dubu 11 suka taru a Crystal Palace a Landan, a cikinsu har da 'yan mata da suka zo ba a gayyace su ba, suka nace su ma 'yan sikawut ne. Saboda su aka kafa ta 'yan mata a 1910, ƙanwarsa Agnes tana shugabanta, daga baya matarsa Olave, wadda ya aura a 1912, ta karɓa. A 1910 ɗin ya tuɓe kayan soja ya ba da kansa ga yara ɗungum. Aikin ya iso Nijeriya a 1915. A 1920 aka yi babban taro na farko na ƙasashe a Landan, aka naɗa shi shugaban 'yan sikawut na duniya. Mutumin da ya fara koyar da bin sawu domin yaƙi, bayan ya ga yaƙin 1914 zuwa 1918 ya cinye samari da yawa waɗanda suka tashi a ƙungiyarsa, sai ya riƙa tara yaran ƙasashe dabam dabam a sansani ɗaya domin su san juna.

Da tsufa ya kama shi, ya koma Nyeri a ƙasar Kenya, ya zauna a wani ɗan gida inda ake hango Dutsen Kenya. Can ya rasu ran 8 ga Janairu, 1941, yana da shekara 83, aka binne shi a garin. A kan dutsen kabarinsa an zana da'ira da ɗigo a tsakiyarta. Ita ce ɗaya daga cikin alamun hanya da sabon shiga ke koya a matakin farko. Yaro yakan yi ta a ƙasa da tsakuwa ko da tsinin sanda, domin abokansa masu bin sawunsa su sani ya riga ya koma gida.