Bernard Fagg: Baturen da ya saurari kiɗan duwatsun Birnin Kudu

A kewayen Birnin Kudu da ke kudancin Jihar Jigawa akwai wasu duwatsu da suka haɗa fasaha iri biyu a wuri guda. A jikin bangon kogunansu akwai zanen shanu da aka yi da 'yan layuka kaɗan, a gefe kuma akwai falalen duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Mutanen yankin sun san da su tun kaka da kakanni. Wanda ya fara rubuta labarinsu ya kai wa masana na duniya shi ne Bernard Fagg, masanin kayayyakin tarihi ɗan ƙasar Ingila, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana aiki a Najeriya.

An haifi Bernard Evelyn Buller Fagg a Landan ranar 8 ga Disamba, 1915. Ya yi karatu a Kwalejin Dulwich, daga nan ya wuce Jami'ar Cambridge, inda ya karanci ilimin tono kayan tarihi da nazarin al'adun al'umma. Yayansa William Fagg shi ma ya shahara wajen nazarin sassaƙe-sassaƙen Afirka a Gidan Tarihin Birtaniya. A shekarar 1939 Bernard ya zo Najeriya a matsayin jami'in mulki, aka tura shi Jos, garin da a lokacin haƙar kuza ke ci.

Ramukan kuzar nan ne suka buɗe masa ƙofa. Masu haƙa sukan ci karo da kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, wani ma an taɓa kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Da Fagg ya ga wannan kai, sai ya lura da kamanninsa da wani da aka tono a ƙauyen Nok tun 1928. Ya bi ma'aikatan haƙar yana roƙonsu su riƙa ajiye duk abin da suka tono, har ya tara abin da ya ishe shi ya tabbatar cewa aikin al'umma ɗaya ne. Shi ya raɗa mata suna Al'adar Nok, wadda aka ƙiyasta ta bunƙasa tun kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1947 ya koma sashen kula da kayan tarihi, a 1952 kuma ya buɗe Gidan Tarihi na Jos.

Kawunan Nok abin ɗaukar ido ne, kowa ya gan su ya san an yi aiki. Abin da ya tarar a Birnin Kudu a 1955, lokacin garin yana cikin Lardin Kano, ya fi buƙatar natsuwa. A wurare irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, mai zanen bai damu da ƙawa ba: layi ɗaya ya fitar da gadon bayan saniya, biyu su zama ƙaho, huɗu su zama ƙafafu, galibi da jan launi, wani wurin da fari ko baƙi. Duk da ƙarancin layukan, zanen ya riƙe wata shaida mai nauyi, domin shanun ba su da tozo. Shanun da Fulani ke kiwo a yankin a yau masu tozo ne, don haka zanen yana nuni da wani zamani da wani irin garke dabam ke kiwo a wannan ƙasa.

Kusa da zane-zanen ne ya lura da wasu ƙananan ramuka masu santsi a gefen falalen duwatsu. Da aka ƙwanƙwasa su da dutse mai girman dunƙulen hannu, sai suka yi ƙara irin ta ƙarfe. Sirrin yana ga yadda falalen ya zauna: ya dogara ne a kan wasu duwatsu ta 'yan wurare kaɗan, sauran jikinsa na rataye, shi ya sa yake girgiza ya ba da amo. Kowane rami da muryarsa, wani kauri, wani siriri, kuma zurfinsu ya nuna an daɗe ana bugu a wuri ɗaya. Fagg ya kuma rubuta yadda kogunan ke da alaƙa da al'adun aure na mutanen garin. A 1956 ya wallafa bayanin waɗannan duwatsu masu kiɗa a mujallar Man ta Landan, sunan da ya ba su da Turanci kuwa shi masana ke amfani da shi har yau. Bayan haka aka shiga gano irinsu a wasu sassan Arewa da ƙasashen Afirka da dama.

Darajar wannan aiki ta ƙara fitowa a shekarun 1960, lokacin da salon taƙaitawa, wanda Turawa ke kira minimalizim, ya kunno kai a Amurka. Masu wannan salo sun ɗauki aniyar rage kayan aiki zuwa mafi ƙaranci. Donald Judd ya riƙa jera akwatunan ƙarfe iri ɗaya a bango da tazara daidai wa daida. A fagen kiɗa, Terry Riley da Philip Glass da Steve Reich sun gina ayyukansu a kan ɗan gajeren sauti da ake ta maimaitawa yana sauyawa sannu a hankali. Reich ma ya je Ghana a 1970 ya koyi kiɗan ganga, ya dawo ya kammala aikinsa mai suna Drumming a 1971. Fagg bai shiga wannan tafiya ba, kuma waɗanda suka yi zanen Birnin Kudu suna da nasu dalilai. Amma hikimar ɗaya ce: abu kaɗan, idan an san inda za a ajiye shi, yakan wadatar. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, amma a nan ƙarancin zaɓi ne na gwani.

A 1957 Fagg ya gaji Kenneth Murray a matsayin Daraktan Sashen Kayan Tarihi na Najeriya. Tonon da ya yi a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, ya fito da murahun narka tama da suka nuna daɗewar ƙira a wannan yanki. A 1963 ya koma Ingila ya shugabanci Gidan Tarihin Pitt Rivers na Jami'ar Oxford, har rashin lafiya ta sa ya ajiye aiki a 1975. Ya fitar da littafinsa a kan kayan Nok a 1977, ya mutu ranar 14 ga Agusta, 1987. Matarsa Catherine ta ci gaba da binciken duwatsu masu kiɗa, ta wallafa littafi a kansu a 1997.

Gadon da ya bari yana cikin haɗari iri biyu. Kayan Nok sun sha sata, musamman a shekarun 1990, aka yi ta fitar da su zuwa kasuwannin Turai. Zanen kan dutse kuwa ba a iya ɗaukarsa, abokan gabarsa su ne ruwan sama da hayaƙi da masu rubuta sunayensu a bango da masu fasa dutse don gini. Zanen da bai wuce layi goma ba, idan uku suka goge, saniyar ta ɓace. Kula da wuraren nauyi ne na Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, amma makarantu da masarautu da 'yan kasuwar Birnin Kudu da Gwaram su ne mafi kusa da su, kuma su za a fara tambaya idan aka wayi gari babu su.