Mus'abu Ɗan Umairu, Mai Riƙe Da Tutar Musulmi

Wannan mako filin zai kawo tarihin Mus'abu ɗan Umairu, Allah Ya yarda da shi, saurayin da ya bar daula ya rungumi tuta, bai kuwa sake ta ba har ransa ya fita.

An haifi Mus'abu a Makka cikin gidan Banu Abdud-Dar, watau gidan da ya gaji riƙon tutar yaƙin Ƙuraishawa. Mahaifiyarsa Hunasu 'yar Maliku mace ce mai dukiya, ta kuwa shagwaɓa shi ƙwarai, har ya zama babu saurayin da ya kai shi kyawun tufafi da ƙanshin turare a Makka. Da ya ji labarin Manzon Allah (S.A.W.), sai ya tafi gidan Arƙamu ya musulunta a ɓoye. Ran da asirinsa ya tonu, danginsa suka tsare shi, uwar ta yanke masa duk wani gata. Da ya sami kuɓuta, ya yi hijira zuwa Habasha, daga baya ya komo Makka cikin talauci, da tufa mai faci.

A shekarar 621 Miladiyya, bayan mubaya'ar Aƙaba ta farko, Annabi ya aike shi Yasriba, wadda ta zama Madina, don ya koya wa mutane Alƙur'ani. Ya sauka gidan As'adu ɗan Zurara. Da haƙuri da taushin harshe ya jawo manyan gari irin su Usaidu ɗan Hulairu da Sa'adu ɗan Mu'azu. Da shekara ta zagayo, maza 73 da mata 2 suka yi mubaya'a ta biyu a Aƙaba. Ashe kafin ya zama soja, malami ne.

A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira (624), shi aka danƙa wa tutar Musulmi. Aikin mai tuta kuwa ba ƙarami ba ne, domin ita mayaƙa ke duba. In tana tsaye su tsaya, in ta faɗi zukata su karaya. A ranar, ɗan'uwansa Abu Azizu yana cikin rundunar Makka, aka kuma kama shi ribatacce.

A watan Shawwal na shekara ta 3 (625), Ƙuraishawa suka zo da mayaƙa 3,000, Musulmi kuwa 700 suka tsaya a gindin dutsen Uhudu. Tutar Ƙuraishawa tana hannun Banu Abdud-Dar, ta Musulmi tana hannun Mus'abu: gida ɗaya, tuta biyu. Da fari Musulmi suka rinjaya. Amma mafi yawan maharba 50 da Annabi ya ajiye bisa tudu suka sauko neman ganima, sai Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawaki ta baya. Sahu ya watse, Mus'abu bai gusa ba. Wani barde mai suna Ibnu Ƙami'a ya sare masa hannun dama, ya kama tutar da hagu. Ya sare hagun, ya rungume ta a ƙirji da damatsansa, sa'an nan aka soke shi da mashi. Makashin ya zaci Annabi ya kashe, ya koma yana shela. Aka miƙa tutar ga Aliyu ɗan Abu Ɗalibi.

Da aka zo binne shi, ba a sami likkafani ba sai mayafi guda. In an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Annabi ya yi umurni a rufe kansa, a sa ciyawar izhiri bisa ƙafafunsa. Ya bar matarsa Hamnatu 'yar Jahshi da 'yarsu Zainabu.

Bayan shekaru, da wadata ta zo, aka kawo wa Abdurrahman ɗan Aufu abinci yana azumi. Ya tuna Mus'abu da mayafin nan, ya yi ta kuka har ya bar abincin. Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ba samarin Musulmi irin tsayuwarsa bisa amana, amin.