TARIHIN BRAM STOKER, MAI LITTAFIN DARAKULA

A hutun da ya wuce kawuna ya zo gidanmu a Kakuri duba ƙanena, wanda ke fama da ciwon sikila. Tsarabar da ya kawo masa wani littafin Turanci ne da ya saya wajen 'yan gwanjo. Ban taɓa ganin irinsa ba. Da ka buɗe shafin farko sai wani tsohon gidan sarauta na takarda ya miƙe tsaye. Ka ja wani ɗan zare sai murfin akwatin gawa ya buɗe, wani mutum mai dogayen fiƙoƙi ya tashi zaune. A wasu shafukan kuma an manna ambulan, a ciki da wasiƙu waɗanda mai karatu zai zaro ya karanta. Sunan mutumin Darakula.

Ƙanena ya so littafin ƙwarai, amma da kakarmu ta gani sai ta ce na mayu ne, a ƙone shi. Na roƙe ta ta dakata in bincika ko wane ne ya ƙago wannan dodo. Abin da na samo shi ne zan ba ku, 'yan'uwana ɗalibai.

Sunansa Abraham Stoker, amma an fi saninsa da Bram. An haife shi ran 8 ga Nuwamba, 1847, a Clontarf, kusa da birnin Dablin na ƙasar Ailan. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai. Tun yana jariri ba shi da lafiya, kullum yana kwance, har sai da ya kai wajen shekara 7 sannan ya miƙe sosai. Uwarsa Charlotte ita ke ɗebe masa kewa da labaru. Cikinsu har da na annobar amai da gudawa da ta auka wa garinsu Sligo a 1832, wadda ta gani da idonta tana yarinya. Ashe tun daga nan tsoro da sha'awar labari suka shiga zuciyarsa tare.

In da rai, da rabo. Yaron nan da aka fid da tsammani ya warke, ya zama ƙato mai jan gemu. Ya shiga kwalejin Trinity ta Dablin a 1864, ya yi fice a wasannin motsa jiki. Ya kama aikin gwamnati kamar mahaifinsa, da dare kuma ya je kallon wasan kwaikwayo, ya rubuta sharhi a jarida ba tare da an biya shi ko anini ba. A 1876 ya yabi wani shahararren ɗan wasa, Henry Irving, suka ƙulla abota. A 1878 ya auri Florence Balcombe, ya ajiye aikin gwamnati, ya koma Landan ya zama manajan gidan wasan Irving mai suna Lyceum. Wajen shekara 27 ya yi yana yi wa Irving hidima: shi ne lissafin kuɗi, shi ne amsa wasiƙu, shi ne shirya tafiye-tafiye har zuwa Amurka. Sai ya sami ɗan sarari kana ya taɓa nasa rubutun. Abin mamaki, littafinsa na farko na ƙagaggun labarai na yara ne, sunansa Under the Sunset.

A 1890 ya je hutu wani gari na bakin teku a Ingila, ana kiransa Whitby. A ɗakin karatun garin ya ci karo da sunan Darakula cikin wani tsohon littafin tarihi. Laƙabi ne na wani sarki da ya yi mulki a yankin da yanzu ke cikin ƙasar Romaniya, shekaru fiye da 500 da suka wuce. A nan kuma ya ji labarin wani jirgin ruwan Rasha da igiyar ruwa ta jefo gaɓar garin a 1885. Duk ya rubuta ya ajiye. Shekara bakwai yana tara bayani, sai a watan Mayu na 1897 littafin ya fito, da bango rawaya da jan rubutu, ana sayar da shi sule shida. Ƙasar Transilbaniya da ya sa gidan dodon a cikinta kuwa, ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba, a littattafai ya karanta ta.

Darakula mataccen basarake ne da ya ƙi kwanciya. Da rana yana cikin akwatinsa, da dare ya fito shan jinin mutane. Yakan rikiɗa ya zama jemage, ba a ganinsa a madubi, yana gudun tafarnuwa. Da na faɗa wa kaka haka, ta ce to, ya bambanta da maye, don shi maye kurwa aka ce yana kamawa. Wani abin lura kuma, Stoker bai ba da labarin da bakinsa ba. Ya jera shi ne ta wasiƙu, da littattafan ajiye sirri na mutanen cikin labarin, da guntayen jaridu, mai karatu ne zai haɗa su da kansa. Nan na gane dalilin ambulan ɗin nan na littafin ƙanena: masu yin sa hanyar mai shi suka bi.

Littafin bai sa shi ya yi arziki ba. Irving ya mutu a 1905, shi kuma shanyewar jiki ta same shi, hannunsa ya yi ƙasa, har a 1911 ya nemi agaji wajen wata ƙungiya mai taimakon marubuta. Ya mutu ran 20 ga Afrilu, 1912, kwana biyar bayan nutsewar jirgin Titanic, lokacin Kaduna ba ta ko zama babban birnin Arewa ba. A shekarar da ta biyo aka yi gwanjon takardun da ya tara bayanan Darakula a kan fam 2 da sule 2 kacal. Daga baya ne kasuwa ta buɗe: Jamusawa suka yi fim da labarin a 1922 ba da izni ba, har matarsa ta kai ƙara ta ci nasara, Amurkawa kuma suka yi nasu a 1931. Daga nan sai littattafan yara da na manya masu son labarin ban tsoro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da na gama ba da labarin, kaka ta fasa ƙone littafin, sai dai ta hana a buɗe shi bayan magariba. Ƙanena kuwa ba dodon ne ya tsaya masa a rai ba, yaron nan ne da ya shekara bakwai a kwance. Washegari ya roƙe ni littafin rubutu. Yanzu duk daren da kaka ta yi mana tatsuniyar Dodo ko ta Gizo da Ƙoƙi, yakan rubuta ta da safe, ko da yana kan gado. Ya riga ya cika shafi goma sha biyu. Allah Ya ba shi lafiya, amin.