ANTONIO MACHIN, MAWAƘIN MAI TALLAR GYAƊA

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, ina so in ba ku labarin wani mutum wanda na san muryarsa tun ina yaro, amma sunansa sai da na girma.

Kakana fataucin gyaɗa ya yi a Azare, yakan kai Kano. A can ya sayo garmaho da faya-fayai. Akwai wani faifai da muka fi so, ko da yake ba mu jin harshen. A tsakiyarsa an buga GV 1, ga kuma hoton wani kare ya kasa kunne a bakin ƙahon garmaho, watau tambarin kamfanin His Master's Voice na Ingila. Mu dai waƙar kare muke ce da ita, don babu hoton mai waƙar.

To, ashe mai muryar Antonio Machin ne, mutumin tsibirin Kyuba. An haife shi a garin Sagua la Grande cikin 1903. Ubansa Bature ne daga Sifen, uwarsa kuwa baƙar mace ce, jinin Afirka. Gidansu talakawa ne masu 'ya'ya da yawa, har ya yi aikin gini yana saurayi. Cikin 1926 ya tafi Habana, babban birnin ƙasar, ya shiga ƙungiyar makaɗan Don Azpiazu. Shi ne baƙin mutum na farko da ya yi waƙa a Casino Nacional, wurin shaƙatawar masu kuɗi.

Cikin 1930 suka je New York ta Amurka, aka ɗauki muryarsa a waƙar El Manisero, wadda Moises Simons ya tsara. Ma'anar sunan, mai tallar gyaɗa. Kun ji abin mamaki, kakana ya yi ta sauraron tallar hajarsa bai sani ba! Waƙar ta game duniya. Da aka fara buga faya-fayan GV domin kasuwar Afirka cikin 1933, ita aka sa ta ɗaya. Daga irin waɗannan faya-fayai ne makaɗan Kwango suka tsinci salon da suka gina rumbarsu a kai.

Machin ya zauna Landan da Faris, sa'an nan yaƙi ya kore shi zuwa Sifen cikin 1939. Ya yi aure a Sebiya cikin 1943. Cikin 1947 ya yi suna ƙwarai da waƙar Angelitos Negros, wadda ke tuhumar masu zane a majami'u don ba su sa baƙar fata cikin zanensu. Faya-fayansa na baya sun fito da hoton fuskarsa a bango. Ya mutu a Madrid ran 4 ga Agusta, 1977, aka binne shi a Sebiya.

Ga abin da ya dame ni. Turawa sun rubuta komai, shi ya sa na gano wannan mutum. Amma makaɗan fada da na noma na ƙasar Katagum fa, wa ya rubuta sunayensu? Mu da za mu koyar da yara, in mun je hutu mu tambayi tsofaffi, mu rubuta, kada jikokinmu su gaji waƙa ba mai ita. Allah ya ba mu iko, amin.