Jimi Hendrix: Bahagon da ya juya gita ya canza muryarta

Masu karatu, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da lasifikar mai talla a kasuwa ya san kukan nan mai huda kunne da take yi idan makirufo ya matso kusa da ita. A wurinmu alama ce ta kaya sun samu matsala. To, yau tarihin mutumin da ya ɗauki wannan kuka ya mai da shi kiɗa za mu kawo muku, wato marigayi Jimi Hendrix, makaɗin gita ɗan ƙasar Amurka.

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba 1942 a birnin Seattle, a gidan talakawa baƙar fata. A 1958, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, ya samu gitarsa ta farko a kan dalar Amurka 5. Da kunne ya koyi kiɗa, yana sauraren faya-fayen su Muddy Waters da B.B. King, gwanayen kiɗan blues na baƙaƙen Amurka. Ya shiga soja a 1961, ya fito a 1962, sannan ya yi ta bin manyan mawaƙa irin su Little Richard yana yi musu kiɗa. Babu ta sha sa shi jinginar da gitarsa. A 1965 ya sa hannu a wata takardar yarjejeniya da wani mai buga faya-faye a kan dala 1 tak da kashi 1 cikin 100 na ciniki, takardar da ta jawo masa shari'a bayan ya yi suna.

A watan Satumba na 1966 wani Bature mai suna Chas Chandler ya kai shi Landan, inda aka haɗa shi da Noel Redding da Mitch Mitchell. Kafin shekara ta zagayo sunansa ya cika Turai da Amurka.

Abin lura shi ne, yawancin kayan aikinsa na kanti ne, kowa da kuɗinsa zai iya saye. Gitar da ya fi riƙewa ita ce Fender Stratocaster. Shi bahago ne, amma ta masu hannun dama yake saye, ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyin shida yadda mai kaurin za ta dawo sama. A jikin gitar akwai maganaɗisu uku masu ɗaukar motsin tsirkiya su mai da shi sauti, kuma na can ƙasa a karkace aka dasa shi. Da ya juya gitar sai karkatar ta koma ɗaya gefen: tsirkiya mai kauri ta ƙara kaifi, siririyar kuma ta yi taushi. Yakan kuma ɗan sassauta tsirkiyoyin duka, don muryar ta sauka kuma su yi daɗin lanƙwasawa.

Daga gita sautin yakan bi waya zuwa ampili, wato akwatin ƙara ƙarfin sauti. Nasa samfurin Marshall ne na Ingila mai ƙarfin wat 100, ana ɗora shi a kan manyan akwatuna biyu masu lasifika huɗu-huɗu. Yakan murɗa shi har ƙarshe. Idan ya matsa kusa da lasifikar, ƙarar sai ta girgiza tsirkiya, tsirkiya ta mayar wa ampili, kukan ya yi ta zagayawa. Sauran makaɗa gudun wannan suke yi. Shi kuwa ya gano inda zai tsaya da yadda zai karkata gitar har kukan ya bi amon da yake so.

Tsakanin gita da ampili yana da ƙananan na'urori da ake takawa da ƙafa. Fuzz Face, mai siffar zagaye, ita ke sa sautin ya yi kauri da kaushi. Wah-wah ta kamfanin Vox tana sa gita ta riƙa buɗe baki tana rufewa, kusan yadda mai kalangu ke matsa kalangunsa ya yi magana. Octavia kuwa wani injiniya mai suna Roger Mayer ne ya ƙera ta, tana ɗora siririyar murya a kan ta asali, kamar yadda ake ji a waƙar Purple Haze ta 1967. Daga baya ya ƙara da Uni-Vibe ƙirar Japan, mai sa sauti ya riƙa kaɗawa kamar igiyar ruwa.

Da irin waɗannan kaya ya hau dandalin Woodstock da safiyar 18 ga Agusta 1969, lokacin yaƙin Biyetnam na ci, ya kaɗa taken ƙasar Amurka, jama'a suka ji kamar jirage da bama-bamai a cikinsa.

Ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumba 1970 yana da shekara 27, bayan ya sha magungunan barci masu yawa, amai ya shaƙe shi. Bai bar wasiyya ba, kuma sai a 1995 mahaifinsa ya karɓo haƙƙin waƙoƙinsa bayan doguwar shari'a. Farar gitar da ya kaɗa a Woodstock an yi gwanjonta a Landan a 1990 a kan fam 198,000.

Tasirinsa ya iso har Sahara. Bombino na Agadez ya koyi abubuwa da dama daga kallon bidiyonsa lokacin da yake gudun hijira, shi kuma Mdou Moctar ɗan yankin Tahoua bahago ne mai riƙe da Stratocaster. Kamfanonin Fender da Marshall na nan suna ƙera irin kayan da ya yi aiki da su, matasa na saye suna neman sautinsa, sai dai hannun da ya fitar da shi ba a kanti aka samo shi ba.